Azarar da Ƙanena Ya Saki

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a Inna ta zame a bakin rijiya a Zurmi, ƙugunta ya goce. Mai ɗori ya yi iya yinsa, abu ya ƙi, aka ce sai asibitin Ƙaura. Mu biyu ne 'ya'yanta maza: ni da na bar firamare na kama tuƙi, da ƙanena, wanda tun da aka yanka mana jiha ya samu kujera a Gusau da motar ofis mai sanyi. Na ce ya ɗauke ta a ciki. Ya shafa gemun da ya tsiro masa tare da Shari'a, ya ce motar gwamnati amana ce, ba a yin hidimar gida da ita. Motar da na gani da idona a Moriki ana loda mata geronsa.

Sai tawa ta rage, tsohuwar a-kori-kura. Shokozoba na baya, ƙarafan nan masu shanye girgiza, sun daɗe da mutuwa; in ta faɗa rami sai ta yi ta tsalle kamar ɗan akuya. Buhu ba ya ƙorafi, amma ƙashin tsohuwa ba buhu ba ne. Ranar kasuwar Shinkafi na sayo guda biyu na hannu, na ce a ƙofar gida zan ɗaura abina.

Jak ɗina ba ya ɗaga ta yadda nake so, don haka muka yi irin tamu: aka kifa turmi, aka ɗora azara a kai, bakinta ƙarƙashin bodi. Mutum ya zauna a ɗaya bakin, bodi ya ɗaga, ni kuma in shiga ƙasa in daidaita idon shokozoba da ƙusarsa. Aikin mai zama ɗaya ne tak: kada ya tashi.

Ƙanena ya iso cikin farar shadda, maƙwabta na zaune a inuwar darbejiya suna kallo. Ganin idon jama'a ya sa ya ce shi zai zauna.

"Wanga aikin gardawa ne, ranka ya daɗe," na ce masa. "Kak ka ɓata rigar gwamnati."

"Yaya, kai dai bakinka bai iya alheri ba. Uwata ce ni ma."

"Yau ka tuna?"

Na dama ya hau lafiya. Na koma na hagu, ƙusa ta shiga rabi, babban yatsana na hagu yana tokare da ita, sai ladan ya kira La'asar. A lokacin nan an shiga yayin rige-rigen sahun gaba, musamman ma'aikata, kowa na so a gan shi. Ƙanena ya miƙe ba gargaɗi. Na dai ji azara ta yi sama, mota ta sauko. Sandar shokozoban ta lanƙwashe, mai ya tsiyayo mini a fuska, farcena ya tsage gida biyu.

Na fito ina riƙe da hannu, shi har ya naɗe hannun riga zai yi alwala.

"Mi ka yi haka?"

"An kira salla, Yaya. Sai in saɓa wa Allah don ƙarfe?"

"Allah ya ce ka saki mota bisa ɗan'uwanka? Ko tayar da ikama ba a yi ba!"

Wani maƙwabci ya ce in yi haƙuri, ai alhaji bai yi da gangan ba. Na ce da gangan ɗin ma ya fi, aƙalla da ya tuna ina ƙasa.

Kasuwar Shinkafi sai wani mako, ƙafar Inna kuwa ta fara kumbura. Na mayar da mataccen a hagu. Washegari muka shimfiɗa mata katifa ta ɓangaren dama, matata ta rungume ta, na ja mota kamar mai tafiya a kan ƙwai. Bai hana ba. Kowane rami tsakanin Zurmi da Ƙaura sai da ta ji shi. Ba ta yi kuka ba, gefen zanenta ta cusa a baki. Da muka isa duk ya jiƙe, haƙoranta sun huda shi.

Da la'asar sai ga ƙanena a asibiti, a cikin amanar gwamnati, da ledar lemo. Inna ta kama hannunsa tana sa masa albarka, wai ya baro aikinsa saboda ita. Ni ta dubi yatsana da ke naɗe da tsumma, ta ce, "Kai kuma kullum cikin rauni, ba ka da natsuwa."

Farcen bai sake fitowa daidai ba. Ni da ƙanena muna gaisawa in mun haɗu a wurin jana'iza, da hannuna na hagu a aljihu.