Na Ƙyale Malam Yana Ci Na

Har yau ina tambayar kaina, abin da na yi wa mai gidana tausayi ne ko zalunci? Ban sami amsa ba. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta mini, kuma in magana ta yanke, kuka ne ya yanke ta. A lokacin ni tsohuwa ce mai sauran ƙarfi a Argungu, ina turara shinkafa, ina kula da Malam. Tsohon malamin firamare ne da ya koma noman albasa a fadamar Augie, har ranar da ciwo ya shanye masa ɓarin dama. Mutumin da rana ba ta taɓa iske shi a gida ba ya dawo zaman tabarma yana kallon bango.

Ɗanmu na Birnin Kebbi ne ya kawo masa katunan. Na ɓata rai, don na ɗauka karta ce ta caca. Ya rantse mini ba a sa ko sisi. Kowane kati da hoton wata halitta da rubutun abin da take iya yi. Mutum zai zaɓo waɗanda suka dace da juna ya haɗa su wuri ɗaya, sannan ya kara da na wani. Malam, da yake manomi ne, ya sa wa haɗin nan suna dami. Sai ga shi yana wuni yana jera katuna a kan tabarma da hannun hagu, ya cire wannan ya mayar da wancan, yana magana shi kaɗai kamar mai zaɓen iri.

Amma dami ba a sanin kyansa sai an gwada shi, kuma babu kowa a gidan sai ni. Ya haɗa mini nawa, ya koya mini da hoto. Ni na raɗa musu suna. Akwai kada, akwai giwan ruwa, akwai wasu ƙananan tsuntsaye masu saurin kai hari da na kira janbaki, don sun tuna mini masu cinye mana shinkafa. Ni nake gauraya masa katunan, shi kuma ya tsaga karan dawa yana soke nasa a ciki saboda hannun. Bayan la'asar muke zama gindin darbejiya. Yana kirana tsohuwa, yana cewa wai ya auri mace shekara da shekaru bai san 'yar wasa ba ce. In ya ci ni sai ya yi dariya har miyau ya zubo ta gefen bakin da ya karkace, in goge masa da bakin zane.

Dariyar nan ce ta ja ni. Ba da daɗewa ba na lura damin Malam nauyi gare shi, sai an jima kafin manyan halittunsa su fito. Duk ranar da janbaki suka zo hannuna da wuri, zan iya gama da shi kafin kadansa ya motsa. Sai in riƙe su, in ajiye wani abu daban. Yadda aka tashe mu, mace ba ta kayar da mijinta ko da wasa, balle mijin da ciwo ya riga ya kayar. Yakan tambaye ni ko da gaske ba ni da abin da ya fi wannan, in ce wallahi hannuna bai yi kyau ba. Allah ya yafe mini rantsuwar nan.

Da matasan unguwar Nassarawa ta Birnin Kebbi suka shirya gasar katunan, ɗanmu ya zo da mota ya ɗauke shi. Malam ya sa babbar riga, ya ce damin nan an gwada shi har an gaji, bai taɓa faɗuwa ba. Kafin magariba suka dawo. An fitar da shi tun karon farko, da irin harin gaggawar da nake ɓoye masa. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi ashe ciwon bai tsaya a hannu da ƙafa ba, ya ci har ƙwaƙwalwa, tunda ɓaraka irin wannan ta kasance a gabansa bai gani ba. Ya ce in ɗauke katunan. Ya koma kallon bango, abinci ma sai da lallashi. Ni kuwa kunya ta rufe mini baki har damina ta wuce.

Ranar da na ga ya kasa tashi ko da jingina, na durƙusa na faɗa masa komai. Na ce ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take, ni ce na hana shi ganin ramin. Sai kafaɗarsa ta fara motsi, na zaci kuka ne, ashe dariya ce. Ya ce lallai ya zauna da ɓarauniya bai sani ba, ya ce in kawo katunan yanzu.

'Yan uwana mata, da duk mai jinyar wani, ku ji daga gare ni. In mutum ya ce ki gwada shi, ki gwada shi da gaske. Wanda ciwo ya ƙwace wa jiki, hankalinsa kaɗai ya rage masa, kada ki sa ya yi shakkarsa saboda kina son ganin haƙoransa. Na ba Malam dariyar 'yan watanni, na karɓe masa abin da ya fi ta.

Mun yi wasan a bakin gadonsa. Janbaki suka zo mini da wuri, hannuna ya sake tsayawa kamar yadda ya saba. Da yammacin ranar ciwon ya dawo ya ɗauke masa harshe, bai ƙara magana ba har Allah ya karɓi abinsa. Don haka abin da ya ce mini a lokacin, yana leƙen fuskata ta saman karan dawa, shi ne na ƙarshe:

"Sako su, tsohuwa, na ga hannunki ya tsaya. Ki ci ni yau, gobe in gyara damin."