Igiyar da Isiyaku Ya Kai Gaɓa

Shekara tara ke nan da muka binne Isiyaku, amma har yau idan aka ambace shi a wurin suna a Morris Heights, unguwarmu a New York, sai na sunkuyar da kai. Ba kewa ba ce kaɗai. Ƙyashi ne, ya tsufa tare da ni.

Tare muka taso a zangon Takoradi, tare muka shiga aikin jirgin ruwa mai ɗaukar katako. Ni kuku ne, shi yana wajen igiya da anga. Wata safiya guguwa ta kora jirgin kan duwatsu kusa da wasu tsibirai, cikinsa ya tsage. Isiyaku ya ɗaura igiya a jikinsa, ya yi iyo har gaɓa, ya ɗaure ta a dutse. Da ita mutane suka tsallaka ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa tsoro ya hana ni fita daga kicin, sai da ya dawo ya goya ni.

Da muka zo New York, ko'ina aka taru sai ka ji, "Baba Isiyaku, a ba mu na jirgin nan." Ni ina gefe ina zuba wa mutane shinkafa da wake. Bai taɓa faɗin goyon ba, kuma wannan rufin asirin ya fi komai ƙona min rai.

Wata rana a shagon wani abokinmu a Fordham Road, yana tsakiyar labarin na ce, "Haba Isiyaku, ruwan da ko gwiwa bai kai ba?" Aka fashe da dariya. Ya dube ni ya ce, "To, Mamman ya fi ni tunawa." Bai sake ba da labarin ba har ya rasu.

Da a zamanin wayoyin nan ne, da wani ya ɗauki hoton komai, da ban sami bakin ƙarya ba. Shi kuma na san cewa zai yi a goge inda na fito.

Makon jiya 'yarsa Hawa ta tare ni a tashar bas. "Kawu, da gaske ne Baba ƙari yake yi a labarin jirgin nan?" Na ce mata motata ta iso, na shige.

Hawa, ga amsar da ban ba ki ba: tekun nan ya fi ƙarfin tsayin mutum nesa ba kusa ba. Sau biyu mahaifinki ya shiga cikinsa, na biyun saboda ni. Jikokina shida ne a Bronx, dukansu a gadon bayansa suka tsallako. Allah Ya jiƙansa, ni kuma Ya yafe min.