Izinin Tsallaken Iyaka

Daga Bagudo har Illo, ba a taɓa yin shugaban kwamitin taimako irina a ɗan cocinmu na Methodist ba. In na miƙe a taro, har fanka kan tsaya ta saurare ni.

Jiya warin busasshen kifi a kasuwa ya tuna mini da marigayi dattijonmu mai wa'azi. Rigarsa kullum wannan warin take, don kullum akwai wanda yake kai wa. Allah ya ba shi hutu inda ba a kafa kwamiti.

Shekarar da ruwa ya cinye gonar wata gwauruwa a tsallaken iyakar Benin, 'yan kwamitina, masu tumbin da ba su taɓa ɗaga buhu ba, suka ce ba ta cikin yankinmu, sai manya sun yarda. Na je taron yanki, na zuba jawabi har muryata ta dushe, na dawo da izini ina taƙama.

Na tarar da dattijon yana wanke taɓo daga kekensa. Ashe tuni ya kai mata shinkafarsa. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Izini ka kawo, ɗana? To maza kai mata ta dahwa."