Hoton Da Na Bari Ya Kwana

Assalamu alaikum Edita da masu karanta wannan shafi. Ina roƙon a sakaya sunana, ba don na cancanci a rufa mini asiri ba, sai don mutanen da zan yi magana a kansu sun sha bakin duniya har ya ishe su.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da takwas, ina zaune a cikin garin Daura, unguwarmu ba nisa da Kusugu. Shekarata biyar a ɗakin miji ban taɓa ko ɓatan wata ba, kuma sana'ata, don Allah ku ji, sayar da kayan jarirai ce ta waya. Riguna, shawul, safa, bahon wanka, duk ina sarowa daga Kano in ɗora hotunansu a sitatus, wato shafin nan na waya da abin da aka ɗora yake yin awa ashirin da huɗu ya goge kansa. Kusan babu gidan da ba a ajiye lambata ba a unguwanninmu. Ni kuma mace ce mai baki. Duk ranar da aka yaɗa hoton wata yarinya aka ce ta yi cikin shege, ni ce kan gaba wajen Allah wadai, har da jawo wa'azi. A lokacin ina ce wa abin kishin addini. Yanzu na san fiye da rabinsa haushi ne, don ni ina yawon asibiti da jiƙe-jiƙe ban samu ba, su kuma sun samu ba su nema ba.

Duk mai sayar da kaya ta waya ta san wata al'ada tamu. Idan kwastoma ta karɓi kayanta ta turo godiya, sai a ɗauki hoton hirar, a shafe sunanta, a ɗora don sauran mata su ga ba 'yar damfara ba ce. Na yi haka ya fi a ƙirga, ban taɓa neman izinin kowa ba.

Akwai wata yarinya a bayan layinmu, ba za ta wuce sha tara ba, mai sanyin hali, wadda ta yi saukar Alƙur'ani shekarar da ta gabata. An yi watanni ba a ganinta, aka ce tana Baure wajen jinyar kakarta. Wata rana sai ga saƙonta, ta gaishe ni da ladabi, Anti kaza Anti kaza, ta zaɓi riguna da shawul ɗaya, ta ce na wata 'yar uwarsu ne, a ba direban motar Baure. Na aika. Washegari da safe ta turo godiya, ta ce kaya sun iso kuma sun yi kyau. A ƙarshen saƙon, ban sani ba ko mantuwa ce ko kuwa kaɗaici ne ya yi mata yawa har ta ga kamar ni 'yar uwa ce, sai ta roƙe ni in sa ta a addu'a Allah Ya sauke ta lafiya, watan haihuwarta ya kama.

Na karanta sau uku. Sannan na ɗauki hoton hirar, na shafe sunanta kamar yadda na saba. Amma akwai ɗan ƙaramin hoton nan na mai lamba da yake zama a saman hira, nata kuwa da farin hijabin ranar saukarta ne. Na daɗe ina gaya wa mutane ban lura da shi ba. Ƙarya nake yi. Na gan shi, yatsana ya tsaya a kansa, na ce wa kaina ai ya yi ƙanƙanta, wa zai gane. Na ɗora, na tashi na shiga wanke-wanke.

Kafin azahar wayata ta hana ni sakat. Wannan ta ce ba 'yar gidan wane mai hatsi ba ce? Waccan ta ce ashe jinyar da ake yi ke nan, su malama an sauke Alƙur'ani an ɗauki wani abin. Ni kuma sai in amsa da cewa wallahi ban sani ba, ni dai kaya na sayar, in haɗa da alamar dariya. Mutanen da suka buɗe shafina ranar ban taɓa ganin yawansu ba, har da waɗanda suka shekara ba su leƙo ba, wasu ma suna tambayar kuɗin shawul don su sami hanyar jan zance. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Kuma cikin duk masu kiran nan babu mace ɗaya da ta tambayi wane ne ya yi mata cikin. Ni ma ban tambaya ba.

Bayan la'asar saƙonta ya shigo. Ban buɗe ba, don kada alamar an karanta ta fito mata, sai na ja saman wayar na leƙa daga nan. Tana haɗa ni da Allah in cire. Ta ce babanta bai sani ba, ummanta ce ta ɓoye ta a gidan ƙanwarta, kuma yayan babansu, wanda shi kaɗai yake iya tanƙwara shi, ya ce a bari ta haihu lafiya zai zaunar da shi da kansa. Ta ce igiya ɗaya ce ta rage tsakanin iyayenta, in ya ji a bakin wani ummanta ce za ta kwana a ciki. Wannan ba sabon labari ba ne a wurina. Duk unguwa an san mutumin da zuciya, an san sau biyu yana sakin matar tun suna da ƙuruciya ana mayarwa. Ta kira sau huɗu ina kallon wayar tana haske a kan tabarma. Na ce a raina da ta san da haka da ta kama kanta, kuma ai wanda zai gani ya riga ya gani. Cirewar ba za ta ɗauke ni ƙiftawar ido ba, amma na bar shi ya kwana.

Da wannan uzurin na rayu wata da watanni, cewa ko na cire ma an riga an kwafa. Sai daga baya na ji yadda aka yi. Wata maƙwabciya ce ta nuna wa mijinta washegari da safe, shi kuma ya tafi da wayarta kasuwa zai kai caji, ya bi ta rumfar uban yarinyar, wai shi mai nasiha, ya buɗe masa a gaban abokan ciniki. Ba kwafi ya nuna masa ba. Shafina ne kai tsaye, da sunan sana'ata a sama, saura kaɗan ya goge kansa. Mutumin bai ko rufe buhunansa ba ya nufi gida. Ya tambayi matarsa ko ta sani, ta ce ta sani. A tsakar gida, gaban ƙannen yarinyar, ya yanke igiyar da ta rage. Kafin yayan nasa ya iso an gama, matar da ta yi shekara ashirin da wani abu a gidan ta fita da mayafi da buta, ta hau motar Baure.

Mijina da ya ji ya yi kwana uku bai ci abincina ba. Ni kuwa na dage kuskure ne, har ina kuka ina cewa an ɗora mini laifin wasu. Matan da suka yi ta kirana suna dariya su ne suka koma cewa ai ni ba ni da amana. Yarinyar ta haifi 'ya mace bayan kwana goma sha wani abu, aka raɗa suna ba taro.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Yayan nan nasa bai fasa ba, ya yi ta zama da ƙaninsa yana tausarsa. Bayan wata bakwai uban ya je Baure da ƙafarsa. An ce da aka miƙa masa jaririyar ya juya baya yana share ido, ya ce 'yarsa ta tattara ta dawo gida, ya yafe mata. Wato shirin da suka yi tun farko zai yi aiki. Mutumin zai yi faɗa, zai yi rantsuwa, zai sauko. Abin da ba zai iya ba shi ne mayar da matarsa, don saki ya cika uku. An ce ya bi malamai yana tambaya ko akwai mafita tunda cikin fushi ya yi, suka tambaye shi ko ya san abin da yake faɗa a lokacin, ya ce ya sani.

Sai da na shekara kafin na iya zuwa gidan. Na tarar da yarinyar tana tuƙa tuwo, 'yarta goye a baya, ƙannenta na jiran abinci a bakin ɗakin uwarsu. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, har yanzu Anti take ce mini. Na faɗi gaskiya duka, har da cewa na ga hoton, na kuma ga saƙonta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce nata laifin ta kai shi gaban Allah tana fatan Ya karɓi tubarta, abin da na yi mata ita kuma ta yafe, don ta gaji da riƙo. Amma na ummanta ba nata ba ne balle ta yafe, in je Baure in nema da bakina.

Na je. Na sami matar a gidan ƙanwarta tana sussukar gero, ta rame har ban gane ta da farko ba. Ta saurare ni har na gama. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Tambayata kawai ta yi, tunda daga unguwar nake, ko na ga autanta, ko ya daina tarin nan, ko ana tura shi makaranta. Na amsa abin da na sani. Ta ce in gaida gida, ta ci gaba da aikinta.

Ban rubuto wannan don in wanke zina ba, zunubi ne, kuma yarinyar ta fi ni sanin haka. Na rubuto ne don 'yan uwana mata masu waya a hannu, musamman masu sana'a irin tawa. Saƙon da mutum ya turo miki amana ne, ba kayan talla ba. Kuma duk ranar da kika ji kina son tona wata don kishin addini, ki tsaya ki tambayi kanki ko daɗi kike ji. In daɗi kike ji, to ba addini ba ne. Wanda ya yi cikin ya musanta, yana can yana karatunsa a wani gari. Wadda ta yi ta tuba tana gidan ubanta. Uban ya yafe. Ni da na ɗora ina ɗakin mijina ana kawo mini cefane. Mutum ɗaya ce har yau ba ta da hanyar komawa gidanta, ita ce kuwa wadda ba ta yi komai ba sai rufa wa 'yarta asiri.