Dattijon da ya gane wuƙar

Mai sayar da tsofaffin makamai yana goge wani takobi, sai ga dattijo a ƙofar shago. Dogo ne siriri, ya naɗe wuyansa da ƙyalle duk da zafin rana. Ko kallon bindigogin da ke rataye ba ya yi, idonsa na kan wata wuƙa mai jan kube.

"Tsohuwa ce, Baba," in ji mai shago. "Ƙirar kakanni, ta ado."

Dattijon yana zare ta a hankali, yatsansa na bin kaifin har ya tsaya kan wani ɗan giɓi. Maharbi ne? Tsohon soja? Mai shago na cikin wannan saƙe-saƙe ƙyallen ya zame, sai ga tabo tun daga kunne har maƙogwaro.

"Wa ya kawo maka ita?"

Yayan mai shagon ne ya kawo ta, ya ce a sayar da wuri.

"Na manta, Baba."

Dattijon ya mayar da ita kube, ya ajiye a hankali.

"In ka tuna, ka gaishe shi. Ka ce masa ina nan da raina."