Hotunan Masara Sun Kwana a Kakau

Abin da na fara lura da shi a zauren taro na Barnawa shi ne farin zanen gado da aka rataya a bango maimakon allon majigi. Har layin guga yana nan a tsakiyarsa. A kansa za a haska aikina, ni da ko a aji ba na ɗaga hannu. Amma bari in faro daga gida.

Kakau, shida saura kwata

Mama ta ƙulle min ƙosai a leda. Malama Rifkatu, mai koya mana kwamfuta, tana jirana a bakin titin Abuja. Ita ta ba da sunana in yi bayanin minti goma a taron makarantu, duk da shugaban makarantarmu ya ce muryata ba za ta wuce bencin gaba ba. Bayanin a kan wata manhajar kimiyya ne, mai karɓar lambobi ta mayar da su hoton jadawali. Lambobina tsawon masarar Baba ne, da nake aunawa duk mako tun shuka.

Rubutu zalla Malama ta koya mana yi a fayil. Kan magana a layinsa, 'yan sanduna uku su raba shafi da shafi. Inda hoto zai zauna, sunansa kawai ake rubutawa. Sai wata manhajar ta mayar da rubutun shafukan nunawa.

Shida da kwata muka samu bas. Wata mata ta ɗora min kwandon tumatir a cinya ba tare da ta tambaye ni ba. A shingen jami'an tsaro direba ya kashe rediyo, muna wucewa ya kunna.

Kakuri, bakwai da minti goma

Muka sauka a shagon Oga Chidi mai gyaran kwamfuta, ɗan cocin su Malama, don mu ari kwamfutar da za mu yi nuni da ita. Ya sa filashina, ɗan abin da na kwafo aikina a ciki. Shafi na farko ya fito, na biyu ma. Na uku fanko ne, sai sunan hoto a ƙasa.

"Malama, masarar taku ba ta tsiro ba fa," in ji shi.

Malama ta juyo. "Saratu, me kika kwafa?"

"Fayil ɗin rubutun, Malama."

"Hotunan fa?"

Na sunkuyar da kai. Na ɗauka tunda sunan hoto yana ciki, hoton ma yana ciki. Ashe suna can a kwamfutar makaranta, ga shi Asabar ce, ɗakin a kulle. Taro kuma ƙarfe tara.

Malama ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ta ce, "Lambobin suna ina?"

Littafin awona yana cikin jaka, bangonsa duk laka. Oga Chidi ya sauko da manhajar jadawalin daga intanet, ya karɓi littafin yana karanto min, ina bugawa.

"Shekara nawa ina gyaran kwamfuta," ya ce, "yau 'yar makaranta ta mayar da ni manomi. Wannan bakwai ne ko ɗaya, 'yata? Rubutunki ma ba ya son a gan shi."

Da jadawalin ya fito, na ba shi sunan da ke cikin rubutun. Shafi na uku ya cika da kansa. A nan muka raba ƙosan uku.

Barnawa, tara saura biyar

Mai keke ya bi da mu ta bayan gidajen ma'aikata don kauce wa cunkoso. Mu ne na huɗu a jerin masu bayani. Da aka kira ni, na kafa ido a kan bangon na fara. A shafi na uku wani malami mai furfura ya ɗaga hannu.

"Yarinya, me ya sa layin ya kwanta a nan?"

"Lokacin ne ruwa ya ɗauke, Malam. Baba ko abinci bai iya ci ba."

Aka yi dariya, shi kuma ya gyaɗa kai ya ce tasa gonar ma haka ta yi. Daga nan na manta da tsoro. Bayan taro wata ɗaliba ta nemi fayil ɗin don ta canza lambobin zuwa na wakensu. Na kwafa mata, har da hoton jadawalin. Malama tana tsaye tana kallona sai da na duba sau biyu.

Kakau, ƙarfe huɗu

Mun iso lafiya, godiya ga Allah, da Malama, da Oga Chidi. Na tarar da Baba yana wasa fartanya a ƙofar gida. Ya tambaya ko mutanen birni sun ga masararsa, na ce sun gani, har sun tambayi lafiyarta. Na daɗe tsaye kafin na durƙusa.

"Baba, baɗi ka bar min layi biyu a gefen gona. Ɗaya a sa masa taki, ɗaya kada a sa. Ina so in auna su tare."