Tayar da ta Tsayar da Mu a Hanyar Maradun

Shekarun baya, lokacin da na sayi motata ta farko, abu uku na iya game da ita: tuƙa ta, zuba mata mai, da wanke ta. Na huɗu babu. Tsohuwar mota ce, a hannun wani abokin aikina na saye ta a Talata Mafara, amma yadda nake goge ta kowace safiya sai ka ce daga kamfani aka kawo mini.

A daminar shekarar aka sa auren ɗiyar ƙanen mahaifina a Maradun. Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama. Kafin ya cika, ya riƙe hannun mahaifina ya ce idan Allah ya kai ta, shi yake so ya tsaya mata waliyyi, ya bayar da aurenta da bakinsa. Mahaifina ya amsa. Shekara da shekaru yana ɗauke da maganar nan. Aka sa ɗaurin aure ranar Juma'a, da zarar an sallame salla.

Mahaifina tsohon direban babbar mota ne. A lokacin yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya ga inuwar mutum. Mutum ne mai kaifin harshe, ban taso ina jin yabo daga bakinsa ba. Na ce masa kada ya shiga motar haya, ni zan kai shi.

Da hantsi na isa Bakura, inda yake zaune, na ɗauke shi tare da goggona, ƙanwarsa. Muka cika but ɗin mota da gudummawa: buhun shinkafa biyu, jarkar man gyaɗa, kwanuka, tabarmi, har da wani dutsen niƙa na kakarmu da goggo ta ce lallai sai amarya ta tafi da shi. Bayan mun gama gaisawa, mahaifina ya zagaya motar yana shafa ta da hannu.

"Ka duba tayoyinka?"

"Na duba, Baba."

"Safaya fa?"

"Tana nan."

Gaskiyar magana, wanke tayoyin na yi da sabulu. Safayar kuwa, wato tayar da ake ajiyewa don irin wannan rana, ban taɓa ɗaga katakon da ke rufe da ita ba.

Muka wuce Mafara, muka kama hanyar Maradun. Gero ya yi tsawo hagu da dama, rana ta kusa tsaka. Mun yi nisa da gari sai mahaifina ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Ta baya ce, hannun dama."

Ni ban ji komai ba tukuna. Sai da na rage gudu na ji motar tana ɗingishi. Ƙusa muka taka, taya ta yi faci, ta kwanta sarai.

Kuskurena na farko, na sauka daga kwalta gaba ɗaya na tsaya a kan ƙasa, ga shi an yi ruwa a jajibirin ranar, ƙasa ta yi laushi. Kuskure na biyu ya fi muni. Na fito cikin sabuwar farar shadda, na dubi tayar, na dubi rigata, na ce za mu jira wani ya zo wucewa in aika a kira mai faci.

"Wane mai faci?" in ji mahaifina. "Yau Juma'a. Kowa ya rufe ya tahi masallaci."

Na ce jak ɗin ɗaga motar ne ba shi da kyau. Ƙarya ce, ban ma san kamanninsa ba. Na ɗaga waya sama ina neman sabis, babu. Wani babur ya zo da mutum uku a kai, suka ɗaga mana hannu suka wuce, salla suke sauri. Bayansu hanya ta yi tsit. Mun fi rabin awa a haka, ina kai da kawowa kamar mai wani shiri.

Goggo ta leƙo ta taga. "Alhaji mai mota, mi ake ciki? Ko sai tayar ta gama hutawa?"

Na ci gaba da kai da kawowa. Ta ƙara da cewa:

"Ni dai da jaki kuka ɗora ni, da yanzu ina cin tuwon biki."

Mahaifina ya buɗe ƙofa ya sauko a hankali. Ya tsaya yana fuskantar inda yake jin numfashina.

"Ba ka iya ba, ko?"

Ina da mata da 'ya'ya uku a lokacin, amma kunyar da ta kama ni ban taɓa jin irinta ba.

"Tuɓe rigar," ya ce.

Na tuɓe, na miƙa wa goggo. Na sauke kayan but ɗaya bayan ɗaya a bakin hanya, na fito da safaya da jak da sifana. A nan na yi kuskure na uku. Don in nuna ba a banza nake ba, ban jira umarninsa ba, na cusa jak na ɗaga mota, na ɗora sifana a kan noti na fizga da ƙarfi. Motar ta girgiza, jak ya karkace ya nutse cikin laka, ta dawo ƙasa da wata ƙara. Goggo ta saka salati.

"Wa ya ce ka ɗaga?" Muryarsa ba ta tashi ba. "Aikin nan jere gare shi, kamar alwala. Ba a wanke ƙafa kafin fuska. Saurara."

Ya tsuguna cikin laka kusa da ni, da rigarsa ta ɗaurin aure, ya fara lissafa mini. Na farko, birkin hannu, kuma a bar ta cikin giya. Na biyu, a tokare tayar ɗaya ɓangaren gaba da baya. Na tsinto ɓaraguzan kwalta na tokare. Na uku, a sassauta notuna tun taya tana ƙasa, kada a cire su. Noti huɗu suka amsa, na biyar ya ƙi.

"Kwantar da sifanar ta miƙe. Hau kanta da ƙafa ɗaya. Kada ka yi tsalle, nauyinka kawai."

Na hau, notin ya yi ƙara ya saki.

Na huɗu, jak ba ya tsayawa a kan laka, sai an sa masa abu mai tauri da faɗi a ƙasa. Na duba ko'ina, gona ce ta ko'ina, babu dutse ko ɗaya. Mahaifina ya juya wajen goggo.

"Ba mu dutsen nan."

"Dutsen Inna? Yaya, dutsen Inna za ku sa ƙarƙashin mota?"

"Inna ta ɗauki abin da ya hi mota nauyi. Ta ɗauke ki."

Goggo ta yi dariya har da hawaye, ta ce a ɗauka, amma in ya fashe ni zan je in yi wa amarya bayani. Bai fashe ba. Mahaifina ya laluba ƙarƙashin mota da yatsa, ya kama hannuna ya ɗora a kan wani ƙarfe mai kauri, ya ce nan ake sa jak, ba ko'ina ba. Mota ta tashi tsaf. Duk notin da na cire sai ya karɓa ya saka a cikin hularsa, don kada laka ta haɗiye shi.

Muna cikin haka iska ta kawo mana muryar liman daga wani ƙauye can nesa, ana huɗuba. Na ga kunnensa ya koma can. Ban daɗe da ɗora safaya ba muka ji an tayar da salla. Sai ya miƙo mini noti.

"Kada ka bi su a jere. Ɗaure wannan, ka tsallaka na gabansa. Sauke mota, sannan ka sake bi ka ƙara ɗaurewa."

Da na gama, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, sannan ya danna tayar da tafin hannu. Iskarta kaɗan ce, tun da ba wanda ya taɓa duba ta. Ya ce za ta kai mu, amma a hankali. Haka muka rarrafa har Maradun, ni ina kallon hanya, shi yana jan carbi.

Muna shiga layin gidan muka tarar mutane suna watsewa, kowa da goro da dabino a hannu. An ɗaura. Liman ya jira iya jira, amma dangin ango daga nesa suka zo, ga hadari ya haɗo. Wani ɗan'uwanmu ne ya tsaya waliyyi. Ya taho da sauri ya durƙusa gaban mahaifina yana ba da haƙuri. Mahaifina ya ce, "Ka kyauta. Allah ya sa albarka."

Dattawa suka kewaye mu, ana lale, ana tambayar abin da ya tsare mu. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na cancanta.

"Faci muka yi a daji," in ji mahaifina. "Ɗana ne ya canza ta da hannunsa. Ba don shi ba, da muna can har yanzu."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ambaci rabin awar da na ɓata ba, ko a ranar, ko bayanta.

Muka yi Azahar, sannan na riƙe hannunsa na kai shi cikin gida wajen amarya. Tana jin muryarsa ta fashe da kuka. Ta ce, "Baba, na ce su jira ka." Ya goge hannunsa a jikin rigarsa, ya laluba ya dafa kanta.

"Ban samu na faɗa gaban mutane ba, bari in faɗa gabanki. Na bayar. Allah ya ba ku zaman lahiya."

A hanyar komawa, bayan an gyara tayar, ya zauna a baya tare da goggo. Mun kusa Bakura na ji ya ce mata ƙasa-ƙasa, yana zaton ƙarar inji ta rufe, "In mun haɗu da shi, ban san mi zan ce mishi ba." Ƙanensa yake nufi. Goggo ta ce, "Ai ka je, Yaya."

Damina biyu bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Sau da yawa na zauna gabansa da niyyar in ce ya yafe mini ranar nan, sai in ga kamar tono ne, in fasa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Mai mota ya san safayarsa, ya san jak ɗinsa, ya gwada su a ƙofar gida kafin hanya ta gwada shi. Wanda bai iya ba kuma ya faɗa da wuri. Rashin iyawa bai cinye mana lokaci ba kamar yadda ɓoye shi ya cinye.

Amma ba darasin ne yake dawo mini ba. Abin da nake kewa shi ne awa ɗayan nan da muka yi a tsugune kafaɗa da kafaɗa, hannunsa a kan nawa, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga goggo tana tsokana ta taga. A duk rayuwata ban taɓa kusantarsa haka ba. Ita ma hanyar ta canza. A wancan lokaci mutum zai yi awa biyu a bakinta ba abin da yake tsoro sai makara. Yanzu kowa addu'a yake kada komai ya tsayar da shi.

Tun daga ranar na canza tayoyi da yawa, nawa da na mutanen da ban sani ba. Na taɓa duba agogo: minti goma sha biyar ya ishe ni, har da mayar da kaya cikin but. Da na iya haka a ranar, da a gaban jama'a ya ce, "Na bayar."